Fam 4,500 daga hannun Yaya: yadda aka rufe yarjejeniyar bashi a Ingila saura wata 26

A Ingila da Wales, wanda bashi ya fi ƙarfinsa yana da hanyar sasantawa da masu binsa ba tare da an ayyana shi a matsayin wanda ya karye ba. Ana kiran hanyar IVA a taƙaice, kuma dokar karayar arziki ta 1986 ce ta kafa ta. Ireland ta Arewa na da irinta, Scotland kuwa nata tsarin daban ne. Wanda ake bi zai ɗauki alkawarin biyan abin da zai iya duk wata, galibi na shekara 5, wani lokaci 6. Masu binsa su tsayar da kuɗin ruwa, su daina aiko da wasiƙu da barazanar kotu. In wa'adi ya cika, sauran bashin ya faɗi. Akwai jami'i mai lasisi da ke tsayawa a tsakani, shi ke karɓar kuɗin, ya cire ladan aikinsa, ya raba abin da ya rage.

Ba lallai sai an kai ƙarshen wa'adin ba. In aka samu kuɗi a dunƙule, ana iya taya wa masu bin bashin su karɓa sau ɗaya a rufe magana. Lamarin da zan bi daki-daki na wani ɗan'uwanmu ne da ke zaune a tsakiyar Ingila da matarsa da 'ya'ya uku. Na sakaya sunansa da garinsa, alƙaluman kuma na daidaita su don lissafin ya yi sauƙin bi. Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, kuɗin da suka fitar da shi saura ƙiris su zama kuɗin da suka tafi a banza, ba don mugunta ba, don tsabar zumunci.

Yadda bashin ya taru

Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito. Gidan haya yake zaune, ba shi da gida nasa, motarsa kuma tsohuwa ce. A 2020, lokacin kullen korona, an zaunar da su a gida a kan kaso 80 cikin 100 na albashi, aikin ƙarin lokaci da yake cike giɓi da shi ya tsaya cak. A daidai wannan lokacin mahaifiyarsu ta kwanta asibiti a gida Najeriya, kuma duk wanda ke da ɗa a waje ya san wayar wa ake fara bugawa. Ya ci bashin banki, ya shiga katin bashi na farko, ya buɗe na biyu don biyan na farkon. Kafin ƙarshen 2021 ana binsa fam 28,000: fam 11,000 na banki, 7,000 da 5,000 na katuna biyu, 2,000 na wani kamfanin sayar da kaya a biya sannu, 1,500 harajin ƙaramar hukuma, 1,500 kuɗin wuta da gas.

Talla ya gani a Facebook mai cewa za a share maka yawancin bashinka. Ya cika fom, cikin awa guda aka kira shi. A wancan lokacin akwai kamfanoni 'yan kayi-nayi da ke tara mabukata suna miƙa su ga masu shirya IVA suna karɓar la'ada, har sai da FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya, ta haramta musu karɓar wannan la'adar a 2023. Wani bincike da hukumar kula da karayar arziki ta gwamnati ta fitar a 2024, kan yarjejeniyoyi 310 da suka rushe, ya gano alamun sakaci tun daga farko a kaso 60 cikin 100 nasu. Shi dai nasa bai kai ga haka ba, amma kasafin da aka rubuta masa ya matse ƙwarai, ba a bar masa wurin numfashi ba.

A farkon 2022 aka amince: fam 200 duk wata, wata 60, jimla fam 12,000. Daga ciki kusan 3,600 ladan jami'in ne da kuɗin hidima. Saura 8,400 a raba wa masu bin fam 28,000, wato kwabo 30 a kowane fam.

Ya riƙe amana wata 34. Duk shekara yana aika takardun albashi da bayanan asusunsa a duba. In ya yi aikin ƙarin lokaci ya wuce kaso 10 cikin 100 na albashin da ya saba kai wa gida, rabin abin da ya haura nasu ne. Ba shi da ikon cin bashin da ya wuce fam 500 sai da izini. Sunansa da adireshinsa na cikin rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Wannan na ƙarshen ya fi komai ci masa rai, ko da yake ban ji wanda ya taɓa dubawa ba.

A 2024 ciwon baya ya kama shi. Likita ya ce ya rage zama a kan motar, wurin aiki suka mayar da shi kwana huɗu a mako. Mai gida ya ƙara haya. Da aka sake lissafi, abin da ke rage masa bayan an cire larura bai wuce fam 110 ba. Ƙa'idojin da aka ƙulla yarjejeniyarsa a kansu sun ba jami'in damar rage biyan wata da kaso 15 cikin 100 a karan kansa, wato zuwa fam 170. Ƙasa da haka sai an koma ga masu bin bashi sun kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma hutun biya, amma watannin da aka huta ana liƙa su ne a ƙarshe, wa'adi ya ƙara tsawo.

In kuwa ya kasa gaba ɗaya yarjejeniyar ta rushe, bashin zai dawo da abin da ya rage a kansa, masu binsa na iya maido da kuɗin ruwa, kuma babban kaso na fam 6,800 da ya riga ya zuba ya tafi a ladan aiki. Wannan ne ya hana shi barci.

Kuɗin wa ne?

Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari da ke da nisan awa biyu. Ba ta san da maganar IVA ba sai da matarsa ta gaya mata, don shi ya ɓoye shekara kusan uku. Ta kira shi a daren, ta yi faɗan da yaya ke yi, sannan ta ce: "Turo min lambar asusunka. Ina da fam 4,500, gobe da safe za ka gan su, ka je ka ba su ka huta."

Ya ce, "Yaya, ki dakata tukuna, bari in tambaya."

Wannan dakatawar ita ce ta ceci kuɗin. A cikin kusan kowace IVA akwai sharaɗin da ya shafi dukiyar da ta zo wa mutum bagatatan yana cikin wa'adi: gado, diyya, kyauta mai tsoka, duk wani tsuntsu daga sama gasasshe da ya wuce fam 500. Irin wannan ba nasa ba ne, na masu binsa ne, kuma ana ɗora shi a kan biyan wata-wata, ba ya maye gurbinsa. Suna da hakkin karɓa har sai an biya asalin bashin duka da kuɗin hidima, domin rangwamen da suka yi sun yi shi ne a kan cewa ba shi da hali. Da fam 4,500 sun kwana a asusunsa a matsayin kyauta, jami'in na da hujjar cewa a miƙo su, a kuma ci gaba da biyan wata 26 kamar ba a yi komai ba. Ba zalunci jami'in zai yi ba, abin da takarda ta ce ke nan, kuma ɗan'uwan namu ya sa hannu a kanta.

Muddin kuwa kuɗin na hannun Yaya, babu mai iko da su. Ba ita ake bi ba. Tana da 'yancin cewa: ga kuɗi, zan bayar da sharaɗi guda, a rufe yarjejeniyar ƙanina, in ba a yarda ba, ina riƙe da abina. Duk ƙarfin cinikin a nan yake. Masu bin bashin na kallon kuɗin da ba za su taɓa samu ta wata hanya ba.

Na tsaya a nan ne saboda mu ba haka muke taimakon juna ba. Ɗan'uwa na cikin matsi, ka tura masa, ba takarda, ba sharaɗi, har ma kana jin kunyar a ce ka gindaya sharaɗi ga ɗan'uwanka na jini. Hali ne mai kyau, kuma ba na so mu rabu da shi. Amma a wannan wurin kaɗai, sharaɗin ba a kan ɗan'uwa yake ba, a kan banki yake, kuma rashinsa na nufin an kwashi gumin mace mai aikin dare an ba kamfanonin da dama sun haƙura da shi.

Akwai wata maganar da iyali ba sa son furtawa amma tana cikin lissafi. Mahaifinsu tsoho ne, yana da gida da gonaki. In ta Allah ta kasance cikin wata 26 da suka rage, kason da zai gada ya shiga sharaɗin nan, ko da dukiyar na Najeriya, kuma wajibi ne ya bayyana. Ɓoyewa karya yarjejeniya ce, tana iya kai jami'in ga neman kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Rufe yarjejeniya da wuri na rufe wannan ƙofar ma.

Nawa za a taya?

Da farko ya ɗauka fam 4,500 ba za su ko motsa su ba, tunda ana binsa 28,000. Ba da asalin bashi ake aunawa ba. Masu binsa sun riga sun yarda tun 2022 cewa fam 12,000 za su shiga tukunya, 6,800 sun shiga, saura 5,200. Da wannan ake aunawa, sannan da abin da zai faru in sun ƙi.

Babu wani kaso da doka ta yanke cewa shi za a taya. Wanda ke da ƙoshin lafiya da aiki tsayayye, wanda kawai ya gaji da zama a ƙarƙashin yarjejeniya, ana sa ran ya kawo kusan duk abin da ya rage, don in sun ƙi ba su yi asarar komai ba, kuɗinsu na zuwa duk wata. Wanda alamu suka nuna zai iya kasawa kuwa, ƙasa da haka ma na iya wucewa. Akwai ma lokutan da masu bin bashi ke yarda a rufe a kan abin da aka riga aka biya, ba tare da ƙarin ko kwabo ba, in rashin lafiya ya yi tsanani kuma babu alamar sauyi.

Ga yadda aka shimfiɗa musu nasa. In an ci gaba da fam 110 na wata 26, za a tara 2,860, jimla 9,660, a cire ladan aiki, su tashi da kwabo 21 da ɗoriya a kowane fam, kuma sai sun jira har 2027, in ma bayan nasa ya bari. In sun karɓi fam 4,000 yanzu, jimla 10,800, kusan kwabo 26. In 4,500 ne, jimla 11,300, kwabo 27 da rabi. Alkawarin farko kwabo 30 ne, amma wannan alkawarin ya riga ya mutu tun ranar da aka rage masa kwanakin aiki.

Kafin ya miƙa tayi ya kira ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke ba da shawarar bashi kyauta, irin su StepChange da National Debtline da Citizens Advice. Wannan mataki ne da nake ganin bai kamata kowa ya tsallake ba, domin kamfanin da ke riƙe da yarjejeniyarka ba shi ne zai fara gaya maka cewa akwai hanyar da ba ta buƙatarsa ba. Tambayar da aka duba ita ce: shin ya ma kamata Yaya ta fitar da kuɗinta? Akwai wani tsarin, DRO, na wanda ba shi da gida, ba shi da dukiya, kuma abin da ke rage masa a wata bai wuce fam 75 ba. Tun Afrilun 2024 an cire kuɗin nemansa na fam 90, daga Yunin 2024 kuma an ɗaga iyakar bashin zuwa fam 50,000. Bayan wata 12 bashin ya faɗi ba tare da an biya komai ba. Da rarar tasa ta sauka ƙasa da 75, da sai a yi tunanin a bar IVA ta rushe ya nemi wannan, kuɗin Yaya su zauna. Amma tasa 110 ce, bai cancanta ba. Ayyana karaya kuma na cin fam 680, ana iya sa shi biyan wata-wata har shekara 3, kuma duka biyun za su buɗe sabon tabo na shekara 6 a tarihin bashinsa, alhali na yanzu ya riga ya ci rabi. A yanayinsa tayin ya fi.

Suka yanke a fara da fam 4,000, a riƙe 500 a baya. Wasu za su ce wannan wayo ne. Ni ban ga laifinsa ba, kuɗin na Yaya ne, ita ke da ikon cewa ga iya abin da za ta bayar, kuma babu abin da aka ɓoye na dukiyar wanda ake bi.

Takardu, da maganar adashe

Jami'in ya nemi wasiƙa daga Yaya mai sa hannu. Abin da ta ƙunsa kaɗan ne amma kowane layi na da aiki: cewa kuɗin nata ne, cewa ta bayar da su ne kawai don a rufe yarjejeniyar gaba ɗaya, cewa in an ƙi tayin ba za a same su ba, kuma in an riga an ajiye su a asusun jami'in kafin ƙuri'a, za a maido mata da su cif. Ya nemi fasfonta, shaidar adireshi, da bayanan asusunta na 'yan watanni, saboda dokokin hana halasta kuɗin haram na 2017 sun wajabta masa sanin inda kuɗi suka fito.

A nan aka samu tsaiko. Fam 1,500 ajiyarta ce daga albashi, wannan a fili yake. Sauran 3,000 kwasar adashe ce da take yi da abokan aikinta. A takardar banki abin da ya bayyana shi ne mutane daban-daban sun turo mata fam 300 kowannensu cikin kwana biyu, wasu da sunayen da ba su yi kama da juna ba, ba wani bayani. Ma'aikacin da ke duba takardun ya dawo da tambaya. Sai da ta kawo bayanan watannin baya da ke nuna ita ma tana fitar da 300 duk ƙarshen wata zuwa ga mutum daban, da jerin kwasa da uwar adashe ke riƙe da shi a waya, da gajeren bayani a rubuce. Makonni uku suka tafi a wannan. Da tsabar kuɗi aka yi zubin hannu da hannu, da abin ya fi haka wuya.

An kuma tambaye ta ko rance ne. Shi ya so ya ce zai biya ta, don nauyin ya yi masa yawa. Ta ce, "Wane irin biya? Ni na goya ka. Kyauta ce, ka rubuta haka." Amsar tana da muhimmanci. In rance ne, to bashi ne sama da fam 500 da ke buƙatar izini, kuma masu bin bashi za su tambaya: in yana da abin biyan yayarsa duk wata, me ya hana ya ba mu? Wanda nasa rance ne ya faɗi gaskiya tun farko, kada a rubuta kyauta a takarda alhali a zuci ana jiran biya, don nan ne zumunci ke lalacewa bayan an gama da banki.

Shi kuma ya kawo wasiƙar likita, takardar da ta rage masa kwanakin aiki, sanarwar ƙarin haya, da sabon kasafin gida. Jami'in ya ba shi hutun biya har a ga sakamako.

Ƙuri'a

Sauya yarjejeniya na buƙatar rinjaye irin wanda aka kafa ta da shi: kaso 75 cikin 100, ba na yawan mutane ba, na yawan kuɗin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. Wanda bai amsa ba ba a lissafa shi, amma hukuncin ya hau kansa. Ba a taruwa a ɗaki, amsoshi ne ake aikowa kafin ranar da aka tsayar. Manyan bankuna ma ba su ke dubawa da kansu ba, suna da wakilai da aikinsu ke nan, kuma sau da yawa bashin an riga an sayar da shi ga kamfanonin sayen bashi.

A nasa, uku suka amsa: mai 11,000, mai 7,000, mai 5,000, jimla 23,000. Ƙaramar hukuma da kamfanin wuta da mai kayan biya-sannu ba su ce uffan ba. Da wannan lissafin, mai 5,000 ko ya ƙi ba zai hana ba, don kasonsa bai kai 22 cikin 100 ba. Mai 7,000 kuwa shi kaɗai ya isa ya kashe tayin, tunda ya haura 30. Shi ne kuma ya dawo da gyara: ya yarda in an kai fam 4,500, a kuma biya cikin wa'adin da ya ɗiba. Sauran biyun sun yarda da 4,000 yadda take.

Gyara irin wannan ba ya hawa kan wanda ake bi sai ya amince. Yana iya ƙi, tayin ya faɗi, yarjejeniya ta ci gaba kamar da, ya sake gwadawa nan gaba. Ya kira Yaya. Ta tura fam 4,500 kai tsaye daga asusunta zuwa asusun jami'in, ba su bi ta hannunsa ba ko na minti ɗaya.

In aka duba da idon lissafi zalla, rangwamen da aka samu fam 700 ne kacal a kan 5,200. Wani zai ce bai taka kara ya karya ba. Ina ganin wannan kallon ya kuskure abin da aka saya. An sayi kuɓuta daga rushewar da ke tafe, wadda za ta dawo da bashin sama da fam 20,000. An sayi wata 26 da duk abin da ya samu nasa ne, ko ƙarin albashi, ko aikin ƙarin lokaci in baya ya warke, ko gado.

Abin da ya tambayi malam

Akwai damuwar da takardar Bature ba ta warware masa ba: sauran fam dubu ashirin da ɗoriya da ba su kai ga masu binsa ba, suna wuyansa gobe kiyama? Ya kuma tuna tun yana makarantar allo da zaure an karantar da su a Risala cewa ba a rage bashi don a gaggauta biyansa. Ya kai maganar ga malamin da ya yarda da shi. Abin da aka nuna masa shi ne, wancan hanin ya shafi bashin da lokacinsa bai yi ba, kuma ko a nan ma malamai sun saɓa. Nasa kuwa bashi ne da wa'adinsa ya wuce ya kasa biya, masu shi suka yi sulhu da yardarsu. An kawo masa hadisin Ka'abu ɗan Malik, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi masa ishara ya yafe rabin abin da yake bin Ibn Abi Hadrad, ya kuma umarci wanda ake bi ya tashi ya biya saura. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma wanda ke cikin irin wannan hali ya tambayi nasa malamin, musamman kan waɗanda ba su kaɗa ƙuri'a ba amma doka ta ɗaure su. Na kawo ne don na ga yadda wannan tambayar ta fi ta kuɗin nauyi a zuciyarsa.

Bayan an biya

Biyan kuɗi ba shi ne ƙarshe ba. Sai jami'in ya raba wa kowa rabonsa, ya rufe lissafi, ya fitar da takardar shaidar kammalawa. Ƙa'idojin karayar arziki na 2016 sun ba shi kwana 28 daga cikar aiwatarwa ya sanar, amma kaiwa ga wannan cikar kan ɗauki watanni. Tasa ta zo a farkon rabin 2025. Har ta zo yana nan a ƙarƙashin sharuɗɗa, don haka ya bi a hankali.

Ya kuma nemi a rubuta masa matsayin duk wata diyya da ka iya fitowa daga tsofaffin basussukansa. Dalilin shi ne shari'ar Green da Wright da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2017. Wright, wanda ake bi a shari'ar, ya shiga IVA a 2007, ya cika alkawari, ya karɓi takardar kammalawa a 2013, sai daga baya aka biya shi diyyar kusan fam 24,500 kan inshorar bashi da aka sayar masa ba bisa ƙa'ida ba. Kotu ta ce kuɗin na masu binsa ne, domin hakkin neman diyyar ya wanzu tun kafin yarjejeniyar, kuma takardar kammalawa ba ta warware amanar da aka ɗora a kan dukiyarsa ba. Saboda haka lafazin da aka rufe yarjejeniya da shi abin karantawa ne da kyau, ba a sa hannu don murna kawai.

Wata 3 bayan kammalawa aka cire sunansa daga rajistar gwamnati. Tarihin bashinsa kuwa bai goge ba, kuma a nan ne ya ɗan ji ba daɗi, don ya sa rai. IVA na zama a kundin Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, shekara 6 daga ranar da aka fara ta, ko an gama da wuri ko ba a gama ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu an rubuta an kammala. Duk wanda zai ci bashi mai tsada ko ya matsa wa 'yan'uwa don kawai ya wanke sunansa da sauri ya san ba zai samu wannan ba.

Ya aika kwafin takardar ga kamfanonin uku. Da ya duba, biyu daga cikin basussukan na nuna saura kuɗi a kansa, ɗaya kuma an rubuta ranar kasa biya bayan ranar fara yarjejeniya, abin da zai sa ya daɗe a kundin fiye da ita kanta IVA ɗin. Ya rubuta wa kowanne ya gyara. Biyu sun gyara cikin wata guda, na ukun sai da ya shigar da ƙorafi a rubuce. Wani kamfanin sayen bashi ma ya aiko masa da wasiƙar neman fam 2,000 na kayan biya-sannu, ya mayar musu da kwafin takardar, ba su sake ba.

Yanzu yana kan kwana huɗu a mako har yau, asusun banki na talaka yake amfani da shi, marar damar cin bashi. Fam 110 ɗin da ke rage masa yana ajiye su. Tabon zai fita daga kundinsa a farkon 2028.